Farar Majami'ar Providence: Amsa ga Malamar da Ɗalibanta Suka Tsare da Tambaya

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji shida na firamare. Mun ci karo da hoton wani farin coci mai doguwar hasumiya, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa shi ne cocin Baptis na farko a Amurka, tun 1638, zamanin mulkin mallaka. Yara suka tsare ni: wa ya gina shi, da me, kuma ta yaya ginin katako ya kai har yau? Don Allah a ba ni tarihinsa yadda zan iya ba su.

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Yaran nan naki sun yi tambaya mai kyau, kuma shakkar da suka nuna a kan shekarar tana kan hanya. Ginin da kuka gani yana garin Providence, babban birnin jihar Rhode Island da ke arewa maso gabashin Amurka, a kan titin North Main. Sai dai ba a 1638 aka gina shi ba. Abin da aka kafa a 1638 shi ne ikilisiyar, wato jama'ar masu ibada. Ginin kuwa an fara aikinsa a 1774, aka buɗe shi a watan Mayu na 1775. Ki sa yaran su ɗebe da kansu a allo, za su samu shekara 137. Abin da ya faru a tsakanin shekarun nan shi ne labarin da ya kamata ki ba su, domin waɗanda suka fara abin ko rumfa ba su da ita, kuma da za a tashe su a nuna musu wannan hasumiya, da wuya su ce madalla.

Kafin ki shiga labarin, ki warware musu abu ɗaya. Yaranmu in suka ji "mulkin mallaka", Lugga da joji da di'o ne za su faɗo musu a rai. Na Amurka da ɗan bambanci. Mutanen Ingila ne suka ƙetare teku da iyalansu, suka zauna a ƙasar wasu, suka kafa garuruwa, suna ƙarƙashin Sarkin Ingila har zuwa 1776 da yankuna 13 suka yi shelar 'yancin kai. Majami'ar ta riga wannan shela da shekara ɗaya kacal. An ma fara harbe-harben yaƙin neman 'yanci a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu, 1775, makonni kaɗan kafin a buɗe ta.

Mutumin da labarin ya fara a kansa shi ne Roger Williams. An haife shi a Landan wajen 1603, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya zama malamin addinin Kirista, sannan ya sauka Boston da matarsa a 1631. Masu iko da yankin Massachusetts, inda Boston take, a lokacin 'yan Furitan ne, wasu Kirista masu tsaurin aƙida. Sun baro Ingila ne saboda an takura musu a kan addini, amma da suka samu wuri sai su ma suka shiga takura wa wasu: zuwa coci dole ne, kuma wanda ya yi wa'azin da hukuma ba ta yarda da shi ba zai gamu da alƙali. Williams ya fito fili da maganganu biyu da suka tsone musu ido. Ta farko, alƙali da gwamna suna da ikon hukunta ɓarawo da mai kisa, amma ba su da hurumi a kan abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Ta biyu, Sarkin Ingila ba shi da ikon rabar da ƙasar da ba tasa ba; duk mai son fili ya je ya saya a hannun 'yan asalin ƙasar. Daga baya a wata wasiƙa ya rubuta cewa ibadar tilas ɗoyi take yi a wurin Allah. Wannan jimla yara kan riƙe ta nan da nan.

A watan Oktoba na 1635 kotu ta yanke masa hukuncin kora. Aka ɗaga masa ƙafa zuwa bayan hunturu bisa sharaɗin ya kama bakinsa, shi kuwa bai kama ba. Da aka shirya kama shi a jefa shi jirgi a mayar da shi Ingila, sai ya sulale cikin watan Janairu na 1636, ya nausa daji cikin dusar ƙanƙara. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya yi mako 14 bai san burodi ba, bai san gado ba. 'Yan ƙabilar Wampanoag ne suka ba shi mafaka har sanyi ya wuce. Sannan sarakunan ƙabilar Narragansett guda biyu, Canonicus da Miantonomi, suka ba shi wurin zama a bakin ruwa. Ya iya harshensu, sun kuma san shi tun da. Ya sa wa wurin suna Providence, yana nufin tanadin Allah da ya same shi cikin wahala. Dokar garin ta tsaya a kan sha'anin zaman duniya kawai, addini kuwa kowa da nasa. A wani littafi da ya buga a Landan a 1644 ya rubuta cewa wannan 'yanci ya haɗa har da Yahudawa da Musulmi, waɗanda Turawan zamanin ke kira Turkawa, da ma masu bautar gargajiya. Majalisar Ingila ta sa aka ƙona littafin. In ajinki ya haɗa Musulmi da Kirista, a nan za ki ga sun kasa kunne.

To ina Baptis a cikin wannan? Ɗariƙar ta samo asali ne daga wasu Ingilishi da suka yi gudun hijira zuwa Amstadam wajen 1609. Babban abin da ya raba su da sauran Kirista shi ne ba sa yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. Sai mutum ya yi hankali ya ce ya ba da gaskiya da bakinsa. Kin ga wannan ya dace da tunanin Williams, tunda jariri bai zaɓi komai ba. A wajen 1638 wani mai suna Ezekiel Holliman ya yi wa Williams baftisma, shi kuma ya juya ya yi wa Holliman da wasu mutane kamar goma. Ikilisiyar ke nan. Abin da zai ba yara dariya shi ne wanda ya kafa ta bai yi ko shekara a cikinta ba. Bayan 'yan watanni ya janye, yana cewa bai gamsu akwai wata ikilisiya a doron ƙasa da ke da cikakken iko irin na manzannin farko ba. Ya ci gaba da zama a garin yana wa'azi har ya rasu a 1683, ba tare da ya sake shiga wata ikilisiya ba.

Waɗanda ya bari suka ci gaba, kuma sun shafe sama da shekara 60 ba su da ɗakin ibada. In gari ya yi kyau su taru a ƙarƙashin itatuwa, in sanyi ya sauko su shiga gidan ɗayansu. Ba talauci kaɗai ya jawo haka ba, ra'ayi ne. A ganinsu ikilisiya mutane ce, hasumiya da ƙararrawa da ado kuwa alamar cocin gwamnati ne, wanda suka guda. Shugabanninsu ma ba sa karɓar albashi, kowa na da sana'arsa. Sai a 1700 shugabansu na lokacin, Pardon Tillinghast, ya gina musu ɗan ƙaramin ɗaki da kuɗin aljihunsa. Aka yi wani wanda ya ɗan fi shi a 1726. Babu ko ɗaya da ya rage a cikin biyun.

Abin da ya sauya al'amura kuɗi ne da boko. Zuwa tsakiyar ƙarni na 18 Providence ta zama garin fatake masu jiragen ruwa, kuma cikin manyan attajiranta akwai 'yan'uwa huɗu 'yan gidan Brown: Nicholas, Joseph, John da Moses. Zuriyarsu tsofaffin 'yan wannan ikilisiya ce. A 1764 'yan Baptis suka kafa kwaleji a Rhode Island, aka fara ta a garin Warren, sannan a 1770 aka dawo da ita Providence, da taimakon kuɗin 'yan gidan Brown. Ita ce ta zama Jami'ar Brown a 1804. Shugabanta na farko, James Manning, ɗan boko ne da ya yi karatu a kwalejin da yanzu ake kira Princeton, kuma a 1771 ya zama faston ikilisiyar. Zuwansa bai yi wa kowa daɗi ba. Tsohon shugaba, Samuel Winsor, ya kwashi mutanensa ya fice, kuma cikin abubuwan da suka saɓa a kai har da batun rera waƙa a lokacin ibada, wanda tsofaffin suke ƙyama. Waɗanda suka rage su ne masu son a san da su a gari. Su suka yi ginin da ke cikin hotonku.

A takardar da suka rubuta ta ƙudurin ginin sun faɗi dalilai biyu: don bautar Allah Maɗaukaki a bainar jama'a, kuma don a riƙa yin bikin yaye ɗaliban kwaleji a ciki. Dalili na biyu shi ya bayyana girmansa. An yi shi ne ya ɗauki mutum 1,200, alhali 'yan ikilisiyar ba su kai 200 ba, garin gaba ɗaya kuma bai wuce mutum dubu huɗu da 'yan kai ba. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen gari, ko fiye, za su iya zama ciki a lokaci guda. Wurin da aka gina shi lambun tuffa ne na wani mai suna John Angell, kuma ana ba da labarin cewa ba ya son sayar wa 'yan Baptis, sai aka bi ta hannun wani wanda ba ɗan ɗariƙar ba ya saya ya miƙa musu. Kuɗin aiki kuwa, ban da gudummawar attajirai, an tara wani ɓangare ta hanyar sayar da tikitin sa'a da izinin majalisar yankin. Caca ce, ba wani suna gare ta ba, amma a Amurka ta wancan zamani haka ake tara kuɗin gada da makaranta da coci. In wani yaro ya ɗaga gira, ki bar shi ya ɗaga, yana da hujja.

Sai batun magina, inda na fi so ki daɗe, domin nan ne tarihin ginin ya haɗu da na ƙasar. A watan Disamba na 1773 mutanen Boston, cikin fushin harajin da Ingila ta ɗora, suka hau jirage suka zubar da akwatunan ganyen shayi cikin teku. Ingila ta rama ta hanyar rufe tashar jiragen ruwan Boston a 1774. Masu ƙera jirage da kafintoci suka wayi gari ba aikin yi. Ga Providence kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama: tana neman ƙwararrun masu aikin katako, ga su nan kusa suna zaman kashe wando. Da yawansu suka gangaro suka kama aiki. Wannan wani ɓangare ne na amsar tambayar yaranki a kan daɗewar ginin. Mutumin da ya saba harhaɗa katakon da zai yi dambe da igiyar ruwa a tsakiyar teku ya san yadda ake ɗaure gini ya jure iska. Hasumiyar ta ga manyan guguwowi, ciki har da ta 1815 da ta 1938 waɗanda suka yi wa garin mummunar ɓarna, tana nan tsaye. Sauran amsar ita ce gyara da fenti a kai a kai. Katako in ba a bar ruwa ya zauna masa ba yana daɗewa ƙwarai.

Wanda ya tsara ginin shi ne Joseph Brown, kuma ba sana'arsa ba ce. Ɗan kasuwa ne mai son lissafi da kallon taurari. Yana cikin waɗanda suka kafa madubin hangen nesa a Providence a 1769 don kallon wucewar tauraruwar Zahra ta gaban rana. A yankin ba makarantar koyon zanen gini, don haka littafi ya buɗe. Wani mashahurin mai zanen gine-gine a Biritaniya, James Gibbs, ya buga littafin zane-zanensa a 1728, a ciki har da wasu samfuran hasumiya da ya zana wa cocin St Martin-in-the-Fields na Landan amma ba a yi amfani da su ba. Ɗaya daga cikinsu Joseph ya ɗauko. Gibbs ya yi zanensa ne don dutse, mutanen Providence suka fitar da shi da katako.

Jikin ginin murabba'i ne, ƙafa 80 kowane gefe. Wannan kina iya nuna wa yara a filin makaranta da igiya da turaku huɗu, su shiga ciki su tsaya su ji faɗinsa. Hasumiyar kuma ƙafa 185 ce, kimanin mita 56. Tambayar da ya kamata ki jefa musu kafin ki ba da amsa ita ce: ba injin ɗaga kaya, ba lantarki, ta yaya aka kai ƙololuwar can sama? Dabarar ita ce an ƙera ta gunduwa-gunduwa, kowace ta fi ta ƙasanta siranta, aka zura su cikin juna a cikin gindin hasumiyar, sannan aka riƙa jawo su sama ɗaya bayan ɗaya da igiyoyi da kura, kamar yadda ake zaro eriyar rediyo. Wani kafinta ɗan Boston, James Sumner, shi ya jagoranci aikin, aka gama ɗaga ta cikin kwana uku da rabi. In kika naɗe takardu uku masu bambancin kauri kika zura su cikin juna, yara za su gane cikin minti ɗaya.

Aka kuma rataya ƙararrawa da aka yi odarta daga Landan, nauyinta ya haura tan ɗaya. An rubuta wasu baitoci a jikinta waɗanda ma'anarsu ita ce an kafa garin nan ne don 'yancin lamiri, da lallashi aka bi da mutane ba da ƙarfi ba, wannan ikilisiya ita ce babba kuma ba ta janye ba, ga ta tana morar ƙararrawa da ɗakin ibada da hasumiya, tana kuma barin wasu su mora. Akwai gori a cikin maganar. A Ingila hasumiya da ƙararrawa na cocin gwamnati ne, su 'yan Baptis sai ƙananan ɗakuna a lungu. A Massachusetts ma, a 1651, an yi wa wani ɗan Baptis mai suna Obadiah Holmes bulala 30 a bainar jama'a a Boston saboda ya yi ibada irin tasu a gidan wani. Jikokin waɗanda ake yi wa bulala ne suka kafa hasumiyar da ake hangowa daga jirgi tun kafin ya shigo gari.

A nawa ganin, ginin yana magana da baki biyu, kuma shi ya sa ya fi sauran tsofaffin majami'u daɗin koyarwa. Daga waje yana cewa mu ma mun isa. Daga ciki kuwa tsohuwar aƙidar ce ke mulki: bango ba zane, ba gumaka, tagogi na farin gilashi don haske ya shigo, idon kowa na kan mumbari saboda wa'azi shi ne kan gaba. Su kansu ba sa ce masa coci, "ɗakin taro" suke cewa, har yau. Kayan ƙawa a hankali suka shigo. A 1792 Hope Brown ta ba da wata babbar fitilar ƙarau mai rassa, ta kyandir, don tunawa da mahaifinta Nicholas, tana nan rataye. A 1834 ɗan'uwanta ya ba da ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, a wurin da shekara sittin da 'yan kai kafin nan aka rabu a kan waƙar baki kawai.

Akwai ɓangaren da littattafan yara kan tsallake, ni kuwa ina ba ki shawara kada ki tsallake shi, musamman da yake ya shafe mu. Rhode Island ce kan gaba a yankunan arewacin Amurka wajen aika jirage Afirka sayen bayi. A 1764 'yan'uwan nan huɗu suka aika jirginsu mai suna Sally gaɓar Afirka ta Yamma. An loda mutum 196, aƙalla 109 suka mutu kafin a gama tafiyar, wasu da cuta, wasu da yunwa, wasu a yunƙurin ƙwatar kansu. Bayan wannan uku daga cikin 'yan'uwan ba su sake sa hannu kai tsaye a irin wannan fatauci ba. Moses ya 'yanta bayinsa a 1773, ya koma wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka, ya zama ɗan gwagwarmayar hana bauta. John kuwa ya ci gaba, yana kare cinikin a fili, kuma yana cikin manyan waɗanda suka tsaya a kan aikin ginin majami'ar. Baƙaƙen fata da ke zuwa ibada a majami'un Turawan garin ana ware musu wurin zama daban, abin da ya sa a 1819 suka fara shirin gina nasu, Moses Brown ya ba su fili. Jami'ar Brown da kanta ta binciki wannan tarihi ta fitar da rahoto a 2006, ba wani sirri ba ne. Ga ɗan shekara 11 ba sai kin shiga bayanin azabar cikin jirgi ba. Ya isa ki ce masa mutanen da suka rubuta 'yanci a jikin ƙararrawa, wasunsu sun sayi mutane sun sayar, kuma a gida ɗaya wa da ƙane suka rabu a kan haka. Ki tambaye su wanne suke ganin ya fi wuya, abin da Moses ya yi ko abin da Williams ya yi. Za ki sha muhawara.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. A ƙarni na 19 an yi ta sauye-sauye a ciki, aka canja kujeru, aka ƙara wurin baftisma a bayan mumbari. A 1957 John D. Rockefeller ƙarami, wanda tsohon ɗalibin Jami'ar Brown ne kuma ɗan Baptis, ya ba da kuɗi aka yi wa ginin gagarumin gyara, aka mayar da cikinsa kusa da yadda yake da farko. A 1960 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Ana ibada a cikinsa kowace Lahadi, kuma duk shekara ɗaliban Jami'ar Brown masu kammala digirin farko kan gangaro daga tudun jami'ar cikin jerin gwano su shiga, kamar yadda takardar 1774 ta tanada.

Wataƙila wani yaro, musamman in ɗan Baptis ne, ya tambaye ki ko daga nan cocinsu ya fito. Dangantaka akwai, amma ba ta kai tsaye ba. A 1845 'yan Baptis na Amurka suka dare biyu a kan batun bauta, na kudu suka kafa tasu ƙungiya. Su na kudun ne suka aiko Thomas Jefferson Bowen, wanda ya sauka Badagiri a 1850 ya yi aiki a ƙasar Yarbawa, daga can ɗariƙar ta bazu har ta iso Arewa. Ikilisiyar Providence tana ɓangaren na arewacin Amurka ne. Haka kuma kalmar "na farko" da ke ƙarƙashin hoton tana da mai ja da ita: ikilisiyar Baptis ta garin Newport, a jihar guda, wadda John Clarke ya kafa a kusan lokaci ɗaya, ta daɗe tana cewa ita ce ta riga. Yawancin masana tarihi Providence suke ba wa, amma mutanen Newport ba su sallama ba.